Wayar sharika ta ƙi aiki: yadda nake bin matsalar daki-daki, ga masu shirin jarabawar A+

Assalamu alaikum 'yan uwa. Samari da dama a nan Jidda da Makka suna tambayata kan ɓangaren wayoyi na jarabawar CompTIA A+, ta neman takardar shaidar aikin IT, wasu kuma MD-102 ta Microsoft suke hari, kuma kusan dukkansu kuskure ɗaya suke yi, suna ɗauka tunda sun iya canza sikirin da fulashin toh sun gama da wannan babin. Wlh ba haka bane. Gyaran waya irin na shagunan titin Falasɗin daban, kula da wayoyin sharika, wato kamfani, daban. Kuma ai kun sani tun 2016 aka mayar da sayar da waya da gyaranta a shago aikin 'yan ƙasa kaɗai, mu masu iƙama, wato takardar izinin zama, ƙofar da ta rage mana ita ce sashen IT na kamfanoni, su kuma can ba hannunka suke fara dubawa ba, takardarka suke dubawa.

Bari in fara da jarabawar a taƙaice mu wuce. A+ takarda biyu ce, Core 1 da Core 2, sabon zubin da ya fito a 2025 lambobinsa 220-1201 da 220-1202, idan littafin da ke hannunka 1101 aka rubuta a bangonsa tsohon zubi ne, yana da amfani amma ka sauko da jerin manufofin sabon daga shafin CompTIA ka gwama. Kowace takarda tambaya bata wuce 90, minti 90, ana cin ta farko da maki 675 cikin 900, ta biyu da 700. Ana yi a cibiyoyin Pearson VUE ko a gida ta intanet. Shikenan, sauran duk aiki ne.

Tambayar farko: wayar ta waye?

Kafin ka danna komai, kafin ma ka karɓi wayar daga hannun mutum, ka san ta waye kuma ta wace hanya aka shigar da ita MDM, wato tsarin da kamfani ke juya wayoyi daga nesa, irin su Intune ko Jamf ko Knox Manage. Nan ne nake daɗewa da duk wanda nake koyarwa saboda amsar wannan tambayar ita ce ke gaya maka me zaka iya yi da kuma me zai jawo maka kira daga ofishin mudir, wato manaja.

A Android kashi huɗu ne. Akwai wayar mutum ta kansa da aka buɗe wa ɓangaren aiki, zaka gane ta da manhajoji masu 'yar alamar jaka a jikinsu, Outlook mai jaka na sharika ne, marar jaka nasa ne, a jarabawa BYOD suke ce mata. Akwai ta kamfani gaba ɗaya wadda komai a hannunku yake. Akwai ta kamfani amma an bar wa ma'aikaci ɓangarensa na kansa, COPE kenan. Sai ta huɗu wadda aka kulle a kan aiki ɗaya tak, irin tab ɗin da ke ƙofar sito ko na'urar da mandub, wato mai kai kaya, ke sikanin kaya da ita. A ɓangaren Apple kuma abin da zaka duba shi ne ko wayar tana ƙarƙashin cikakkiyar kulawa, ka buɗe Settings can sama zaka ga rubutu cewa wata hukuma ce ke kula da wannan iPhone ɗin, sannan ka shiga General ka gangara VPN & Device Management ka ga furofayil ɗin da kansa. Wadda aka yi wa rijista a Apple Business Manager, tsarin Apple na na'urorin kamfanoni, da kanta take shiga MDM tun kunnawar farko, ko an yi mata fomat sau goma zata koma.

Akwai wani dattijo direba a wurin aikinmu, ranar da aka ce ya sa Company Portal, manhajar Intune, a wayarsa ya zo min rai a ɓace, yace "ɗana, yanzu hotunan iyalina da Absher ɗina duk mudir zai riƙa gani kenan?" Nace a'a Baba, zauna in nuna maka. Absher manhajar gwamnatin Saudiyya ce ta harkar takardu. Wannan tambayar zaka sha ta har ka gaji don haka ka haddace amsarta. A Intune ba ma ganin hotuna, ba ma ganin saƙonni ko tarihin kira ko shafukan da mutum ya buɗe ko fasawod ɗinsa. Muna ganin samfurin wayar, lambar siriyal, zubin Android ko iOS da ke kai, da manhajojin aiki, idan wayar tasa ce ma lambobi huɗun ƙarshe na layinsa kawai ke fitowa. Idan baka kwantar masa da hankali ba da daddare zai goge manhajar, gobe kuma ya dawo yace imel ya daina shigowa.

Mataki na biyu, ka tambaya kafin ka taɓa

CompTIA na da tsarinta na bin matsala: ka gano matsalar, ka yi hasashen musabbabi, ka gwada hasashen, ka tsara gyara ka aiwatar, ka tabbatar komai ya dawo daidai, ka rubuta. Da farko na ɗauka surutun littafi ne kawai, sai da aiki ya koya min. Tambayoyina guda uku ne kullum. Yaushe ya fara? Me ya canza kafin ya fara, abdet ne, sabon layi ne, tafiya ce, canza fasawod ne? Sannan kai kaɗai ne ko har da abokan aikinka? Ta ukun nan tafi kowacce nauyi, don idan mutum ɗaya ne matsalar na wayarsa ko akawun ɗinsa, idan kuma direbobi goma ne suka kira cikin awa ɗaya toh ka ajiye wayar ka koma kan kwamfutarka, wani ya taɓa doka a saba, wato babbar kwamfutar da ke juya tsarin, ko kuma wani satifiket ya mutu.

Kuma kada ka yarda da "bata aiki" a matsayin bayani. Kace ya nuna maka da hannunsa. Sau da yawa zaka ga mutum Outlook marar jaka yake buɗewa.

Agogo, sannan hanya

Wannan zai baku dariya amma abin da na fi kamawa kenan a wurin mutanenmu. Mutum ya dawo hutu daga Kano, wayarsa tana kan lokacin Najeriya, maimakon ya bari ta canza yankin lokaci da kanta sai ya kashe na otomatik ya tura agogon gaba da awa biyu da hannu don ya dace da na Saudiyya. A ido agogon daidai yake, amma a lissafin wayar ta yi gaba da duniya da awa biyu. Daga nan lambobin Authenticator, manhajar tabbatar da shiga akawun, da ke canzawa duk daƙiƙa 30 su daina karɓuwa, shiga akawun ya riƙa dawo da shi baya, shi kuma ya rantse bai taɓa komai ba. 'Yan uwanmu masu zuwa daga Sudan ma haka, tazararsu awa ɗaya ce. Ka kunna lokaci da yankin lokaci na otomatik, ka kashe wayar ka kunna. Kalandar Hijira da wasu ke sawa ba ita bace matsalar, nuni ne kawai, kada ka ɓata lokaci a kanta.

Idan agogo lafiya sai hanya. MDM baya magana da waya kai tsaye, ɗan aike yake turawa ya ƙwanƙwasa mata tukunna ita kuma ta kira saba. A Apple ɗan aiken shi ne APNs, yana bi ta ƙofa 5223 kuma yana iya komawa 443, a Android kuma na Google ne, ƙofofi 5228 zuwa 5230. Wayfay ɗin masaukin ma'aikata ko na otal ko ma na ofis idan mai kula da netwok ya matse shi sosai yana iya toshe waɗannan, sai kaga YouTube na tafiya lafiya lau amma umarnin da ka tura tun safe yana nan yana jira. Gwajin mai sauƙi ne, kashe wayfay, kunna datar STC ko Mobily ko Zain, ka danna daidaitawa a cikin Company Portal. Idan ta amsa nan take ka gano ɓarawon. Ka kuma lura da wayfay mai shafin shiga, wanda sai ka sa lambar ɗaki ko lambar waya, waya zata nuna ta haɗu alhali babu inda take zuwa.

Idan data ce bata aiki gaba ɗaya ka bi daga mai arha zuwa mai tsada: yanayin jirgin sama a kunna a kashe, a duba ko datar da aka saya ta ƙare, a duba APN, wato saitin da ke haɗa waya da datar layi, a gwada sim ɗin a wata wayar, sai daga ƙarshe a sake saitin netwok, amma ka gaya wa mai ita cewa duk fasawod ɗin wayfay da haɗin Bluetooth zasu goge. Kuma a ƙasar nan layi a ɗaure yake da iƙama, don haka wani lokacin matsalar ba ta fasaha bace sam, ta mai kula da takardun ma'aikata ce.

Wani abu da ke rikita sababbi: Intune a ƙa'ida wajen duk awa 8 waya ke leƙo shi da kanta. Ka canza doka yanzu baka ganta nan take ba, ba wai ta lalace bane, ka tura Sync ka ɗan jira. Sannan wasu wayoyin Android, musamman masu tsananin tattalin batir, suna kashe Company Portal a bayan fage, sai ka shiga saitin batir ka cire masa takunkumi.

Idan ta ƙi shiga rijista

Nan ma akwai jeri a kaina. Shin mutumin yana da lasisin Intune? Shin ya cika adadin na'urorin da aka yarje masa, don iyakar da za a iya sawa 15 ce kuma kamfanoni da yawa ƙasa da haka suke sawa, tsofaffin wayoyinsa da ya sayar tun bara suna nan sun cinye gurbin. Shin wayar na da ragowar MDM na tsohon wurin aikinsa, don waya bata ɗaukar iyayengiji biyu. Shin zubin Android ɗinta ya kai wanda doka ta nema. Sai babbar: tana da manhajojin Google kuwa? Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 basu da su, haka waɗanda aka yi don kasuwar cikin China, kuma ɓangaren aiki na Android Enterprise baya tsayuwa sai da su. Kada ka wahalar da kanka, kace masa wannan wayar ba zata yi ba.

Wayar kamfani sabuwa ko wadda aka yi wa fomat kuwa, a fuskar maraba ta farko ka taɓa wuri ɗaya sau shida kyamarar karanta QR zata buɗe, ko ka rubuta afw#setup a gurbin imel. Idan an riga an wuce wannan fuskar an sa akawun ɗin Google na mutum, babu gyara sai an sake fomat, cikakken iko tun daga farko ake karɓarsa.

"An hana ni shiga imel"

Wannan shi ne rabin aikinka. Abu biyu ne ke aiki tare kuma jarabawar MD-102 na son ta ga ka bambance su. Dokar cika sharaɗi a Intune ita ke duba wayar tace ta cika ko bata cika ba: akwai lambar kulle, an rufe ma'ajiyarta da sirri, zubinta bai tsufa ba, ba a yi mata rutin ko jelbirek ba, wato fasa tsaron tsarinta. Shi kuma Conditional Access a Entra ID, tsarin Microsoft na akawun ɗin ma'aikata, wanda da ake kira Azure AD kafin 2023, shi ne mai gadin ƙofa, yana duba wancan hukuncin ya buɗe ko ya rufe. Don haka idan mutum yace an hana shi, ka buɗe tarihin shigarsa a Entra, idan kaga lambar kuskure 53000 ma'anarta wayar bata cika sharaɗi ba, sai ka koma Intune ka ga wane sharaɗin ne takamaimai. Galibi abdet ne ya ƙi yi saboda ma'ajiya ta cika da bidiyon WhatsApp. A rage kaya, a sa caji, a yi abdet, a buɗe Company Portal a danna duba matsayi. Abin da ba zaka yi ba shi ne cire mutum daga dokar don ya daina damunka, ranar da aka zo bincike sunanka ne a rubuce.

Bari in baku labarin ranar da na fi shan wuya. Satifiket ɗin da ke haɗa MDM da Apple shekara ɗaya yake yi, kwana 365, kuma dole da akawun ɗin Apple da aka ƙirƙire shi za a sabunta shi. A wani wuri da na yi aiki, wanda ya gabace ni da imel ɗinsa na kansa ya buɗe, ya yi kuruj niha'i, wato fita ta dindindin, ya koma ƙasarsu, saƙonnin gargaɗi duk can suke tafiya, mu bamu da labari. Ana gab da aikin Hajji, lokacin da ko numfashi baka da sararin yi, sai duk iPad ɗin da muka raba suka daina amsa umarni. Na yi kwana biyu ina zargin wayfay, alhali da na yi wa kaina tambaya ta uku da kyau, na Android duk lafiya na Apple duk shiru, da cikin minti biyar na gano. Allah ya taimake mu aka samo mutumin a waya. Da bamu same shi ba wataƙila sai dai sabon satifiket, sabo kuma yana nufin a tattaro kowace na'ura a sake mata rijista ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ranar farko a sabon aiki ka duba ranar mutuwar wannan satifiket da tokin ɗin Apple Business Manager da na sayen manhajoji, su ma shekara-shekara ne, ka sa a kalanda, kuma akawun ɗin ya zama na sashe ba na mutum ba.

Retire da Wipe, a kula don Allah

Maɓallai biyu ne kusa da juna. Retire na cire kayan kamfani kawai, imel da manhajojin aiki da furofayil ɗin wayfay, ya bar wa mutum nasa. Wipe na mayar da waya kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Ma'aikaci ya bar aiki da wayarsa ta kansa, Retire. Wayar kamfani ta ɓace a tasi, ka fara kulle ta, idan iPhone ce mai cikakkiyar kulawa ka sa Lost Mode ka nemi inda take, sai an fidda rai sannan Wipe, kuma da izini a rubuce. A jarabawa idan kaga fomat cikin zaɓi kuma tambayar tace me zaka yi da FARKO, kusan kullum tarko ne.

Kafin duk wani fomat ka tuna abin da ke rayuwa a wayar mutum a ƙasar nan: Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, sai an sake kunna shi, Authenticator idan ba a shirya ba ya tafi da lambobinsa, manhajar banki ma sai an sake tabbatarwa. Sannan makullai biyu na jiranka a gaba, FRP a Android da Activation Lock a Apple wanda ya zo tun iOS 7 a 2013. Ma'aikaci ya miƙo wayar kamfani ya hau jirgi bai cire akawun ɗinsa ba, ka zauna da dutse a hannu. A na Apple mai cikakkiyar kulawa MDM na ajiye lambar tsallake makullin, ka kwafe ta kafin ka goge na'urar daga tsarin, ba bayan ba.

Ƙarfen kansa

Nan ba zan daɗe ba don yawancinku kun fi ni. Abin da ya shafe mu musamman shi ne zafi. Apple da kansu sun ce iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35 aka yi ta ta yi aiki, mu kuma mun san yadda Makka take a watan Yuli, ga mandub ya manna ta a gilashin mota, taswira a kunne, caji a jiki. Zata rage haske, ta daina caji, ta nuna gargaɗi. A cire ta daga rana da caji da riga, a barta ta huce da kanta, banda firij. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga sikirin kuwa ba a danna shi, ba a caji, ba a hudawa, a kashe wayar a ware ta. Caji na yankewa, ka fara da canza waya da kan caja, sannan ka leƙa ramin da tocila, ƙura ce sau tari. Hoto na fita amma wayar bata jin taɓawa, dijitaiza kenan, wato ɓangaren da ke jin yatsa, ba sikirin ba, jarabawa na son wannan bambancin. Talla na fitowa barkatai, data na ƙarewa da wuri, batir na zuba, ka tambaya ko an sa wata manhaja daga wajen Play Store, irin WhatsApp ɗin nan masu kala-kala.

In ka gama ka sa mai wayar ya gwada a gabanka, ya tura imel, ya buɗe manhajar aikin, sannan ka rubuta a tikiti me ka gani, me ka gwada, me ya yi aiki, har da lambar IMEI, lambar shaidar wayar, da zaka samu da *#06#.

Game da atisaye, karatu kaɗai ba zai zaunar maka da wannan a kai ba. Microsoft na bada gwajin Intune kyauta na kwana 30. Ka samo tsohuwar Samsung a gida, ka haɗa Managed Google Play, ka shigar da ita da ɓangaren aiki, sai ka fara lalata ta da gangan: sa dokar da ke neman zubin Android da ya fi nata ka ga saƙon da zai fito, tura agogonta gaba, kashe mata data ka aika umarni ka ga yadda yake maƙalewa, yi mata Retire ka duba me ya saura, sannan ka yi fomat ka shigar da ita da QR a matsayin ta kamfani ka ga bambancin maɓallan da zasu bayyana maka. Ni ranakun Juma'a bayan la'asar da Asabar na riƙa yin nawa, amma kada ka buɗe gwajin sai wayar da akawun ɗin Google na gwaji suna hannunka, don kwanakin tun ranar da ka yi rijista suke fara tafiya.